Ƙafar Kibiya

Litinin, 2 ga Satumba, 6:40 na safe

Littafin Lukman ne wannan. A jakarsa na tsince shi, rabinsa cike da rubutunsa mai kama da tonon kaza, duk a kan karya ɗaya. "Minti biyar da safe, minti biyar da yamma. Ta so ƙari, na hana." Shafi bayan shafi haka. Rubutun ya tsaya ranar 26 ga Yuli, layin ƙarshe kuma ya ce, "Gobe fili, in Yaya ya bari." Ban ga dalilin barin sauran takardun su lalace ba, don haka zan ɗora daga inda ƙanina ya tsaya.

Sunanta Kibiya. Watanta goma, baƙa da fari, irin karnukan da Turawa ke kiwon tumaki da su. A harabar sitonmu na Baiyun take, nan ƙasar Sin, wai gadi. Gadin me, karyar da ko ɓarawo ta gani ƙwallo za ta kawo masa. Duk Asabar Lukman yana kai ta wani fili a Huadu, inda wata dattijuwa, Madam Liang, ke koya wa karnuka tsallake sanduna da shiga bututun tamfol da saƙa tsakanin turaku. Da yana nan ban taɓa zuwa ba. Na ce masa aikin banza ne.

Shekaranjiya na je. Ranar 28 ga wata suna da biki, manyan karnuka za su zaga filin gaba ɗaya. Ni kuma jirgina na gida 3 ga Oktoba, kuma ba na jin zan dawo. Na ce wa Madam ina so Kibiya ta yi zagayen nan kafin in tafi. Ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara mini: ƙasusuwan ƙafarta ba su gama haɗewa ba, sai ta kusa shekara ɗaya da rabi. In ta yi tsalle mai tsawo yanzu, tana iya gurguncewa har ta mutu. Sanduna a ƙasa, minti biyar, a tsaya tun tana marmari. Ta ƙara da bakinta, "Man-man, lawban." Wato a hankali, maigida.

Shekara tara ina loda kwantena a garin nan. Da "a hankali" nake aiki, da tuni ina kasuwar Kwari ina korar ƙuda a bakin shago. Kwana ashirin da shida gare ni.

Talata, 3 ga Satumba, 2:30 na rana

Zafi. Na rufe ofis na zauna a mota.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan magariba

Yau kwana arba'in da rasuwar Lukman. Barmo ne ya tsaya a kan komai, mutumin Maradi da sitonsa ke jikin namu, shekara shida muna raba kwantena da shi. Ya sa aka dafa shinkafa a wani gidan abinci kusa da Guangyuan, 'yan kasuwa suka zo da ledojinsu na samfuri, aka yi addu'a, aka watse. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na ce haka ne.

Na kira Inna. Ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari, "kai" take ce mini tun da na san kaina.

"Kai, karen nan da yake ta ba ni labari, yana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Ya ce za ta riƙa tashi sama kamar barewa, zai ɗauko mini a waya in gani. Babanku sak, shi da karnuka."

Har ta ɗan yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin Yuli. Na ce mata zan zo mata da bidiyon, ta gani da idonta, daga sandar farko har ta ƙarshe. Na riga na faɗa.

Asabar, 7 ga Satumba, 11:20 na safe

Minti biyar ɗin nan da gaske matar take, har agogo ta saita. Sanduna kwance a ciyawa, Kibiya tana wuce su kamar an raina mata hankali. Agogo ya yi ƙara, Madam ta tafa hannu, an gama. Awa guda na yi a hanya saboda wannan. Karyar tana kuka tana jan igiya tana son komawa, matar tana murmushi, wai haka ake so a bar ta.

Daga nan ta durƙusa ta nuna mini abin da zan riƙa yi bayan kowane horo. A sa tafin hannu daga kafaɗa a shafo har dagi, ƙafa huɗu, a gwada dama da hagu. In wani wuri ya fi zafi, a huta kwana uku. Wayar ta ce irin wannan karen ba ya nuna ciwo, hannu kaɗai ke ganowa. Ta matsa gefe ta ba ni wuri. Na ce na gane. Ta jira. Na sake cewa na gane, sheshe, wato na gode.

Rabona da taɓa kare tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Doguwar igiya nake sa mata, in zura madaukin da sanda, nama kuma in jefa mata a ƙasa. A cikin kayan nan nake sallah sau biyar. Allah ya ba ni ido, in tana ɗingishi ai zan gani.

Litinin, 9 ga Satumba, 7:05 na safe

Na sayo bututun roba na famfo guda takwas, na ɗora su a kan kwalayen takalma a harabar sito. Tamfol ɗin rufe kaya ya zama bututu. Ƙasan siminti ne, amma simintin ma ai ƙasa ce. Bayan asuba kafin leburori su zo, da yamma bayan sun tashi, ba mai ganina sai jiragen da ke tashi ta kanmu.

Na fara da taƙi ɗaya. Ta wuce. Taƙi biyu. Ta wuce, ta dawo wurin farawa da gudu ta zauna tana rawar jiki. Minti ashirin muka yi, ita ce ma ta ƙi tsayawa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abu ɗaya ne ba na so. Ni a tsakiya nake tsayawa in nuna da sanda, amma ba ni take kallo ba. Duk sandar da ta tsallake sai ta waiga hagu, tana rage gudu tana ƙarawa kamar akwai mai binta a gefe. Lukman bahago ne, ta hagunta yake gudu.

Laraba, 11 ga Satumba, 2:30 na rana

Ta sake zuwa ta kwanta a bakin ƙofa ta uku, inda motar kwantena ke tsayawa. Sau biyu na sa aka wanke wurin.

Alhamis, 12 ga Satumba, 6:50 na safe

Baba, Allah ya jiƙansa, karnuka bakwai yake shiga dajin Falgore da su, kuma ba ya ba su abinci jajibirin farauta. Cewa yake ƙoshi ke sa kare tunani. Na daina ba Kibiya na safe sai an gama. Ya yi aiki, yanzu har kafin in ɗaga sanda ta tashi.

Ni ban gaji karnukan Baba ba. Ranar da aka kai ni Kwari wurin kawu, yaran shago suka toshe hanci suka ce ga ɗan mai karnuka ya zo. Tun ranar nake sa fararen kaya. Lukman kuwa ko a jikinsa, da su yake kwana a zaure. In ka ce masa tashi, ya tashi. In ka ce ƙara, ya ƙara. Na kawo shi nan ne don na san ba zan taɓa yin magana sau biyu ba.

Asabar, 14 ga Satumba, 12:10 na rana

Madam ta shafa haƙarƙarin Kibiya ta ce ta rame. Ta ɗaga dagi ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana kallon faratan. Wayar ta ce, "Sun cinye. A kan siminti take gudu?"

Na ce, "Meyo." Babu.

"Kana shafa ƙafafun kullum?"

Na ce ina yi.

Ba ta sake taɓa wayar ba. Ta dube ni, ta dubi shaddata da ko gashi ɗaya babu a jikinta, ta tafi ta saita agogonta. Na tsani mutum ya san abu ya yi shiru.

Litinin, 16 ga Satumba, 6:30 na yamma

Taƙi biyu da rabi. Saura kwana goma sha biyu.

Talata, 17 ga Satumba, 3:15 na rana

Sinawa suna hutun bikin wata, layin sito duka a rufe, ba mota ba lebura. Ina ofis ina duba takardun kaya, Kibiya tana barci a inuwa. Sai na ji fito. Gajere biyu, dogo ɗaya. Haka Lukman yake kiranta.

Da ni kaɗai na ji, da na ce gajiya ce. Amma ta zabura ta ruga ƙofa ta uku, ta zauna tana kaɗa wutsiya tana kallon sama kaɗan, daidai tsayin fuskar mutum. Na fita. Rana fayau, ba kowa har ƙarshen layi. Na koma na buɗe durowa, wayarsa tana nan a kashe yadda na bar ta.

Ban duba agogo ba. Ba sai na duba ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan la'asar

Barmo ya shigo ta ƙofar baya ya same mu a kan aiki. Ya tsaya da kofin shayinsa har ta yi zagaye uku.

"Alhaji mai kare, lahiya? Wagga karya ɗingishi take."

Na ce ba ta yi.

"Bon. In ta sauka, ƙahwar dama take ɓoyewa. Sa hannu ka ji."

Na ce ina da alwala. Ya yi dariya ya ce malamansu na Maradi ba su ce jikin kare na karya alwala ba, ƙwarya ce in ya lasa a wanke. Na san haka, ni Abdulbaƙi ba jahili ba ne. Na ce to shi ya taɓa mana. Ya ajiye kofi zai durƙusa, sai na kira ta, ta baro shi da gudu ta zauna a wurin farawa. Na ce ga mai ɗingishin nan, ya gani.

Ya ɗauki kofinsa. A bakin ƙofa ya juyo, ba dariya a fuskarsa.

"Abdulbaƙi, ran nan ma haka ka ce mini. Ka ce ga shi nan ya tashi."

Na shiga ofis na rufe ƙofa. Mutum ya sha shayinka shekara shida sai ya ga ya isa ya faɗa maka komai.

Asabar, 21 ga Satumba, 8:00 na safe

Ban je Huadu ba. Na tura wa Madam saƙo cewa kaya sun iso.

Na ɗaga sandunan har gwiwata, tsayin manya. Na jingina waya a kan kwali na kunna. Ta tashi kamar yadda Inna ta ce, wallahi har ƙirjina ya buɗe, na ji daɗin da ban ji ba tun Yuli. Bakwai ta wuce lafiya, ta takwas ta buge ta da ƙafa. Ba zan kai wa Inna bidiyo da sanda a ƙasa ba. Gobe.

Lahadi, 22 ga Satumba, 2:30 na rana

Na ji shi kuma.

Litinin, 23 ga Satumba, 7:20 na safe

Sau goma sha huɗu muka yi. Yanzu ta shida ma bugewa take. Na daka mata tsawa, ta kwantar da kunne ta koma wurin farawa da kanta. Na goge bidiyo goma sha huɗu. Madam ta turo saƙo sau biyu, ban buɗe ba.

A littafin nan, shafin baya, Lukman ya rubuta, "Yau ta buge sanda biyu. Gajiya ce. Na kai ta inuwa muka zauna." Wa ya koya masa wannan? Ba ni ba dai.

Laraba, 25 ga Satumba, 10:45 na safe

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

An yi ruwa da asuba, simintin bai gama bushewa ba. Na ce sau ɗaya kawai. Ta wuce ta ɗaya, ta biyu, har ta biyar. A ta shida ta sauka, ƙafar dama ta gaba ta lanƙwashe, ta faɗi a kan kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi, ta koma wurin farawa da ƙafa uku, ta zauna, ta ɗaga ta huɗun sama tana rawa. Ta waiga hagu, sannan ta dube ni. Jira take in ɗaga sanda.

Kuma hannuna ya fara ɗagawa. Wannan ne abin da nake so ya zauna a rubuce. Na ga ƙafar, kuma hannuna ya fara ɗagawa.

Na yar da sandar. Na durƙusa a cikin ruwan da farar shaddata na sa tafin hannu a kafaɗarta na shafo. Ta hagu sanyi. Ta dama, sama da dagi kaɗan, kamar gindin tukunyar da aka sauke yanzu, kuma ta kumbura a ƙarƙashin gashin. Wannan zafin ba na yau ba ne. Ya yi kwanaki yana nan, taƙi ɗaya daga hannuna. Ta lashe mini yatsu, ban janye ba.

Ran nan, ranar da Lukman ya rasu, Barmo ne ya taɓa goshinsa. Ni ina tsaye a bakin kwantena da takarda a hannu. Tun safe Lukman ya ce mini yana so ya je fili, na ce kaya tukuna, tashar jiragen ruwa ta Nansha za ta rufe karɓa ƙarfe biyar, leburori biyu kuma ba su zo ba. Cikin kwantena a watan Yuli, wanda ya taɓa shiga ya sani. Da rana ya ce, "Yaya, kaina yana juyawa." Ya daina gumi ma, na ɗauka sauƙi ne. Barmo ya ce jikinsa wuta, a tafi asibiti. Na ce ya zauna minti biyu a inuwa. Ya zauna. Na ce saura layi ɗaya. Ya tashi.

Ƙarfe biyu da rabi ya faɗi a bakin ƙofa ta uku. Kwantenar ta isa Nansha a kan lokaci.

Shekara ashirin da shida yana ƙanina, kuma ban tuna ranar da na dafa ko kafaɗarsa ba. Yaya ba ya wasa da ƙani, haka na ɗauka girma yake. Sai ranar wanka na sa masa hannu, lokacin ba sauran zafin da za a ji.

Barmo ne ya tuƙa mu wurin likitan dabbobi. A cinyata ta zauna. Da muka isa ya ce in riƙe ƙafar da kyau.

Alhamis, 26 ga Satumba, 4:00 na yamma

Likita ya ɗora hoton ƙashin a jikin fitila ya nuna mini wani siririn layi kusa da gaɓa, inda ƙashi ke tsiro. Ya tsage. Ya ce tun kafin faɗuwar jiya wurin ya sha wahala. An ɗaure, sati takwas a keji. Za ta yi tafiya, wataƙila ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta. Na tambayi tsalle. Bai ma ɗauko wayar fassara ba, kai kawai ya girgiza.

Juma'a, 27 ga Satumba, 6:45 na safe

Lokacin horo ya yi, ta yunƙura cikin keji tana son tashi. Na zura hannu na dafa ta har ta kwanta.

Asabar, 28 ga Satumba, 5:30 na yamma

Yau bikinsu. Bayan an tashi Madam Liang ta zo sito da kanta, Barmo ne ya kira ta. Ta ga kwalaye da bututun roba, ta buga ƙafa a siminti sau biyu. Ta zauna a ƙasa gaban kejin ta daɗe tana yi wa Kibiya magana da Sinanci a hankali. Na tsaya ina jiran faɗa, na fi son faɗan. Ba ta yi ba. Ta rubuta a waya ta miƙo mini: za ta ɗauke ta ranar Laraba, tana da lambu a bayan gida. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya. Ta ce ƙanina shi ne ɗalibinta da ya fi kowa haƙuri, kullum shi ke fara cewa a tsaya.

Da ta tafi na kwashe sandunan. Kowacce na ɗauka sai Kibiya ta yi kuka, ta ɗauka farawa za mu yi.

Lahadi, 29 ga Satumba, 3:40 na rana

Na kira Inna, can safiya ce. Bayan gaisuwa ta tambayi ranar jirgi, ta tambayi ko na sayo mata man zafin nan na gwiwa. Sannan ta ce, "Hoton karen fa?"

Ina da na ranar Asabar, mai sanda bakwai. Da na yanke ƙarshensa ba za ta taɓa sani ba. Tun safe yatsana yake kan wurin.

Na ce, "Babu hoto, Inna. Na karya mata ƙafa."

"Mota ce?"

"A'a. Ni ne. An ce mini ba ta isa ba, na sa ta. Ta gaji, na ce ta ƙara."

Na duba ko layi ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gidanmu.

"Ta yi maka gardama?"

"A'a."

"Shi ma bai taɓa yi maka ba."

Ban gaya wa kowa a gida yadda aka yi ran nan ba, Barmo kuma ba shi da lambarta. Ta ce, "Je ka ba ta ruwa," ta kashe wayar.